Wa ke kawo namiji, wa ke kawo mace? Tambayoyi da amsoshi daga Zangon Kumasi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Kumasi. Tun da mutanen unguwarmu a Aboabo suka san aikina, tambayoyi ba sa yanke mini: wasu a aji, wasu a gidan suna, wasu a cikin mota, inda wata Hajiya za ta matso ta rage murya ta ce, "'Yata, in tambaye ki mana." Na tattara waɗanda suka fi dawowa, na fara da wadda ta fi ci mini rai.

Malama, matata ta haifi mata huɗu a jere. Daga wajenta ne?

A'a. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, a ciki aka rubuta duk abin da mutum ya gada. Suna tafiya bibbiyu, 23 daga uwa, 23 daga uba. Na ƙarshen su ne masu raba jinsi: mace tana da X da X, namiji yana da X da Y. Idan jikin mace ya yi ƙwai, rabin zarurrukan yake zubawa a ciki, kuma tunda X kawai gare ta, kowane ƙwan da za ta saki a rayuwarta X ne. Maniyyin namiji kuwa kashi biyu ne, kusan rabi masu X, rabi masu Y. Mai X ya riga isa ga ƙwan, a sami mace. Mai Y ya riga, a sami namiji. Uwa ba ta da Y ɗin da za ta bayar balle ta hana.

A aji da wake nake nuna wannan. Ƙwarya biyu nake ajiyewa a kan tebur, ta uwa farin wake zalla, ta uba fari da ja a gauraye daidai wa daida. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can, sau huɗu. A ajin mutum 40, da wuya a rasa biyu ko uku da suka ɗebo fari zalla duk sau huɗun. Lissafin ke nan: cikin gidaje 16 masu 'ya'ya huɗu, ana sa ran gida ɗaya mata ne duka, gida ɗaya kuma maza duka.

Bara na je sunan wata maƙwabciyata, 'yarta ta huɗu. Tana zaune bakin gado da kofin kunu a hannu, ƙafafunta ba su gama saɓewa ba, sai gwaggon mijinta ta leƙa fuskar jaririyar ta ce, "To, an ƙara cika mana gida da mata." Mai jegon ta ajiye kofin, ba ta sake kurɓa ba har muka tashi. Da muka fito tsakar gida na durƙusa na ce, "Gwaggo, wanda ya shuka gero ba ya zuwa gona neman dawa." Ta dube ni ta ce, "Ke 'yar boko, Allah ne ke bayarwa." Na ce ƙwarai kuwa, Gwaggo, shi ya sa ba a tuhumar kowa. A Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya ce yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza, kuma matan aka fara ambata.

Shi ma mijin ba laifinsa ba ne, don ba shi ke zaɓar wanda zai riga isa cikin miliyoyi ba. Amma wanda ya ƙara aure domin neman ɗa namiji ya sani cewa ƙwaryarsa ce dai zai tafi da ita ɗakin amaryar.

Akwai abinci, jiƙo ko lokacin kwanciya da ke sa a sami namiji?

Babu wanda aka gwada aka ga yana aiki. Mai sayar da irin wannan magani ba ya taɓa asara, domin rabin waɗanda suka saya dama namiji za su haifa, su ne za su yi ta yi masa talla, sauran rabin kuma a ce musu ba su kiyaye ƙa'ida ba. Jinsi yana tabbata ne tun ranar da maniyyi ya shiga ƙwai, kafin mace ta san tana da ciki. Duk abin da aka ɗura mata bayan nan ba zai juya komai ba, sai dai ya taɓa mata ƙoda ko hanta, ko ya cutar da cikin. Hoton ciki da ake ɗauka a asibiti wajen mako 18 zuwa 20 yana nuna abin da ke nan ne kawai.

Ta yaya ɗan tayi ke zama namiji ko mace? Kuma me ya kai nono ƙirjin namiji?

Amsar biyun ɗaya ce. Makonni shida na farko, tayin namiji da na mace ba su da maraba a ido, gini ɗaya ake yi musu. Wajen mako na bakwai wata ƙwayar gado da ke kan Y, mai suna SRY, takan farka ta ba da umarni a gina maraina. Su kuma su fara fitar da sinadarin testosteron, wanda ke juya sauran gaɓoɓi zuwa na namiji. In babu wannan umarnin, wasu ƙwayoyin gado ne ke karɓar aikin su gina ma'ajiyar ƙwai, mahaifa kuma ta ginu. Kan nono an riga an aza shi kafin a zo wannan mararraba, shi ya sa kowa ke da shi, shi ya sa kuma namiji ma kan kamu da sankarar mama, kusan ɗaya cikin kowane ɗari na masu cutar.

Wata Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ce ta gano a 1905 cewa kuromosom ne ke raba jinsi, tana nazarin wani ƙwaro mai cin gari. SRY kuwa sai a 1990 aka kamo ta a Ingila.

Gaskiya ne haƙarƙarin namiji ya gaza na mace da ɗaya?

Kowa 24 gare shi, 12 dama, 12 hagu. Inda ƙashi ya bambanta sosai shi ne ƙugu: na mace ya fi faɗi da buɗewa, don kan jariri ya sami hanya.

Haka abin yake a duk dabbobi, namiji ne ke kawo jinsi?

A shanu, tumaki, awaki, karnuka da sauran masu shayarwa, haka ne. Da an shiga akurki labari ya juye. Zakara ne mai zare biyu iri ɗaya, ana kiransu Z da Z, kaza kuma Z da W, saboda haka ƙwan kaza ne ke yanke ko ɗan tsako zakara zai zama. Haka zabi, agwagi, tantabaru da jimina.

Kada ba ta ma da wannan zaren. Duk wanda ya je garin Paga a arewacin Ghana ya ga kadojin nan da ake kira da kaza su fito bakin tafki, to zafin ƙasar da aka binne ƙwansu ne ya raba su. Wajen digiri 32 zuwa 33 yakan ba da maza, in ya yi ƙasa da haka ko ya zarce sosai a sami mata. Kunkurun teku da ke hawowa gaɓar Ada su yi ƙwai da dare su ma haka ne, sai dai su in yashi ya wuce digiri 29 mata ne ke rinjaye. Wannan ya sa masana ke damuwa da ƙaruwar zafin duniya, don gaɓa guda tana iya wayar gari kusan babu namiji.

Ƙudan zuma nasu daban. Ƙwan da maniyyi ya shiga mace yake zama, wanda bai shiga ba ya zama namiji, wato namijin zuma yana da uwa ba shi da uba. Masu ɗebo ruwan fure, masu ginin saƙa, masu gadi da harbi, duk mata ne. Namijin ko ƙari ba shi da shi.

Wata ɗalibata ta taɓa tsayawa gaban mai katantanwa a kasuwar Kejetia, irin manyan nan masu zane, ta ce a ware mata mace biyu da namiji ɗaya za ta gwada kiwo. Matar ta ce ta ɗauki duk wadda ta ga dama, kowace tana ƙwai. Gaskiyarta. Kowace katantanwa tana da kayan namiji da na mace a jiki ɗaya, amma duk da haka sai ta nemi 'yar'uwa su yi musayar maniyyi.

To in haka ne, mene ne ma'anar namiji da mace a wajen masana?

Girman iri. Wanda jikinsa ke yin ƙananan iri masu yawa masu iyo shi ne namiji, wanda ke yin manya 'yan kaɗan masu guzuri a ciki ita ce mace. Daga nan sauran bambance-bambance suka samo tushe. Ƙwai da ciki da shayarwa suna da tsada ga jiki, don haka a dabbobi da yawa mace ce ke zaɓe, maza kuma su yi takara, ko da ado ko da faɗa. Jan gwada da ke gyaɗa kai a kan katanga, jan kan nan shela ce ga sauran maza cewa wurin da mai shi. Zakara da tukku da ƙaimi, zaki da geza, barewar nan mariya da ake gani garke-garke a dajin Mole wadda namijinta ne kaɗai mai ƙaho, duk abu ɗaya ne.

Amma ba ko'ina namiji ya fi girma ba. Shaho da mikiya macen ce babba. Haka mafi yawan gizo-gizo da kwaɗi. Wanda ya taɓa fasa suri ya ga uwar gara, tsawonta ya kai ɗan yatsa ko ya fi, mijinta a gefe ɗan mitsitsi. Zabi kuwa kusan ba a raba su da ido, masu kiwo a arewa da kunne suke ganewa: zabuwa kukanta gaɓa biyu ne tana maimaitawa, namijin gaɓa ɗaya.

Kakata ta ce kura mata-maza ce, kuma kazar da ta yi cara mugun abu ne.

Kakarki ta ga abu na gaske, fassarar ce ta kauce. Kura mai dabbare-dabbare akwai mace akwai namiji, amma al'aurar macen ta miƙe ta yi kama da ta namiji, har mafarauci ya kasa rabewa. Ta nan take fitsari, ta nan take haihuwa, shi ya sa haihuwar fari ke yi mata wuya, 'ya'yan fari da dama ba sa fitowa da rai. Macen ta fi girma kaɗan, kuma ita ke mulkin garke.

Kaza kuwa ma'ajiyar ƙwai ta hagu ce kaɗai ke aiki a jikinta, ta dama tana kwance. In cuta ta lalata ta hagun, ta daman takan farka ta soma fitar da sinadarin maza. Sai kazar ta daina ƙwai, tukkunta ya girma, wata rana da asuba a ji ta tana cara. Larura ce ta cikin jikinta, ba ta jawo wa gidan komai.

Ni mai kiwo ne. Me ya sa taure ya fi bunsuru ƙiba, kuma me ya sa maraƙar da aka haifa tagwaye da namiji ba ta ɗaukar ciki?

Testosteron ne ke sa bunsuru faɗa da bin awaki, shi ke kunna wasu 'yan gaɓoɓi da ke bayan ƙahonsa masu fitar da warin nan. In an fiɗiye shi tun yana ƙarami, sai ya natsu ya ci ya tara kitse, naman kuma babu ƙarni. Ita maraƙar, a cikin saniya jijiyoyin mabiyyar tagwaye sukan haɗe, sinadaran ɗan'uwanta su shiga jininta su hana mahaifarta ginuwa. Kusan tara cikin goma irinsu ba sa haihuwa, gara a yi kiwonsu don nama. A mutane ba haka ba ne, Hassana tana haihuwa lafiya ko da Husaini ne abokin tagwaicinta.

Masu kiwon karfasa a keji a tafkin Volta ma maza suke so zalla. Macen takan ɗauki ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, kusan ba ta cin abinci a lokacin, sai namijin ya bar ta a baya wajen girma.

Da gaske macen sauro ce kaɗai ke cizo?

Ƙwarai. Jini take bukata don ƙwanta su nuna, namijin ruwan fure yake sha. Zazzaɓin cizon sauro duk ta bakin mace yake yawo.

Namiji ya fi mace ƙarfi, ko dai raino ne?

Kafin balaga tazarar kaɗan ce. Bayan balaga testosteron a jinin namiji yakan ninka na mace kusan sau 15, sai tsoka ta ƙaru musamman a kafaɗa da damtse, zuciya da huhu su fi girma, zakaran wuya ya fito murya ta buɗe. A matsakaici namiji ya ɗara mace tsawo da santimita 12 zuwa 13. A tseren mita 100, Usain Bolt ya yi daƙiƙa 9.58 a 2009, bajintar mata kuwa 10.49 ce ta Florence Griffith-Joyner tun 1988, tazarar kusan kashi goma cikin ɗari.

Sai dai matsakaici ba kowa ba ne. Yarinyar da ke dakon kaya a Kejetia, kwanon doya a ka, goyo a baya, ta fi maza da yawa na ofis ƙarfin wuya da ƙafa, don jiki yana bin aikin da aka saba masa. Kuma in ƙarfi juriya ce, lissafin ya koma wajen mata. Ana haihuwar maza kusan 105 a kan kowace mace 100, amma jarirai maza sun fi mutuwa, bakwaini namiji ya fi wuyar raino, kuma a kusan kowace ƙasa mata sun fi tsawon rai. Ƙidayar Ghana ta 2021 ta sami mutum miliyan 30.8, mata kashi 50.7.

Abin da nake so magidanta su riƙe shi ne maganar jini. A takardar gwajin jini, a layin da aka rubuta Hb, namiji in ya gaza 13 yana da ƙarancin jini, mace 12, mai ciki 11. Mace tana zubar da jini duk wata, don haka bukatarta ta sinadarin ƙarfe ta ninka ta namiji, da ciki kuma ta kai ninki uku. A gidajenmu da yawa tsoka da hanta kwanon maigida suke tafiya, alhali mai ciki da 'yan mata ne jikinsu ya fi nema.

Akwai cututtukan da suka fi kama jinsi ɗaya?

Akwai. Tunda namiji X ɗaya gare shi, in akwai tangarɗa a kai ba shi da na biyu da zai rufa masa. Shi ya sa rashin rabe ja da kore, da cutar da jini ba ya daskarewa, suka fi yawa a maza. Wadda ta fi shafarmu ita ce ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, larurar da ke da yawa a Afirka ta Yamma: wasu magunguna kan farfasa wa mai ita jini, haka ma kafur ɗin da muke sawa cikin kayan jarirai, yaro ya yi shawara idonsa ya koma ɗorawa. A cire kafur daga akwatin jariri, a kai shi asibiti da zarar an ga launin. Mata kuma sun fi fama da ciwon mafitsara don hanyar fitsarinsu gajera ce, kamar santimita 4, ta namiji wajen 20, kuma ƙashinsu yakan yi rauni bayan ɗaukewar haila.

Sikila ba ta cikin wannan sahu. Ba ruwanta da X ko Y, sai uwa da uba kowa ya ba da nasa kafin yaro ya kamu. A nan Kumasi aka fara gwajin jarirai don gano ta a 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Duk wanda ya ce uwa ce ta kawo sikila gidan, rabin labari ya faɗa.

Shekara biyar da aure babu haihuwa. Ni lafiyata ƙalau, ita ce za ta je asibiti ko?

Ku tafi tare, Alhaji. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai matsala a ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Ƙarfin kwanciya daban, ingancin iri daban. Mutum na iya kasancewa garau a shimfiɗa amma ƙwayoyin sun yi kaɗan ko ba sa iyo, sanadin ciwon sanyi da ba a yi magani ba, ko hangum da ya sauka maraina bayan balaga, ko kumburin jijiyoyin wurin. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba, kuma da yawa suna da magani. Jinkirin ma matar yake cuta: namiji yana ƙera sabon iri kullum, ita kuwa da ƙwanta aka haife ta, miliyan ɗaya zuwa biyu, suna raguwa, bayan shekara 35 damar na sauka da sauri. Kowace shekarar da aka ɓata ana yawo da ita gidan masu magani, daga nata lokacin aka ɗiba.

Ƙwaƙwalwar namiji ta fi girma, shi ya sa lissafi ba na mata ba ne?

Ta fi girma da kusan kashi goma cikin ɗari, kamar yadda hannunsa da ƙafarsa suka fi. Gwaje-gwajen basira ba su nuna jinsi ɗaya ya fi ɗaya a matsakaici ba. Abin da nake gani a ajina shi ne yarinyar da ta tashi ƙarfe huɗu ta taya uwarta dafa wake da shinkafa na sayarwa, ta iso tana gyangyaɗi a darasin farko. Ku rage mata aiki zango ɗaya ku dubi sakamako. Jami'ar kimiyya ta KNUST da ke nan garin, a 2020 Farfesa Rita Akosua Dickson, masaniyar haɗa magunguna, ta zama mace ta farko da ta shugabance ta.

An haifa mana jariri, ungozoma ta kasa cewa namiji ne ko mace. Me za mu yi?

Da farko ku kwantar da hankali, ba aikin aljanu ba ne, ba kuma wani abu uwar ta ci ko ta tsallaka ba. Hanyar nan da na bayyana daga zare zuwa sinadari zuwa gaɓa tana da matakai, wani lokaci ɗaya yakan kauce. Malaman fiƙihu sun san irin wannan halitta tun da daɗewa, suna kiranta hunsa, sun yi mata hukunce-hukunce na gado da salla.

Na biyu, kada ku ɓoye, kada ku jira. Mafi yawan lokaci jaririyar mace ce mai X biyu, wadda wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman ƙodarta suka fitar da sinadarin maza fiye da kima tun tana ciki. Irin wannan larura takan zo da zubar gishiri daga jiki. Yarinya ta yi lafiya satin farko, a na biyu ko na uku ta fara amai, ta ƙi nono, ta yi laushi, kuma tana iya tafiya cikin kwanaki in ba a gane ba. Maganin yana nan, ana sha kullum, yaro ya girma ya yi makaranta. A nemi takardar turawa zuwa likitocin yara na asibitin Komfo Anokye a nan Kumasi, ko na Korle Bu a Accra ga mutanen Nima da Sabon Zango. Za su gwada jini da gishirin jiki da kuromosom, su ɗauki hoton ciki su ga ko akwai mahaifa.

Na san kwana bakwai na matsa wa iyali, dangi na tambayar raguna nawa za a yanka. Ku sami liman a keɓe ku gaya masa halin da ake ciki, shi zai san yadda za a yi da suna. Rajistar haihuwa kyauta ce har jariri ya cika wata 12, don haka takarda za ta iya jiran sakamakon asibiti. Kafin nan kada wanzami ya taɓa shi.